Ranar da Karenka Ya Kasa

Ƙannena 'yan farauta na ƙasar Daura, da ku masu kiwo da masu gadin gona da kare, maganata da ku ce yau. Batun kuwa shi ne tsohon kare: me za ka yi da shi idan ƙafa ta fara gaza masa, alhali zuciyarsa ba ta daina son bin ka daji ba?

Da an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an kwashe kara daga gonaki, sai kiɗan farauta ya tashi. Daga Sandamu zuwa Baure, daga Zango zuwa Mai'adua, za ka ga samari da gora da kere da adda, kowa riƙe da igiyar karensa. Dattawa suna faɗa mana cewa a da ba a yin nisa da bayan gari ake tayar da zomo da zabon daji, wani lokaci har gada. Yau gonaki sun cinye dajin, abin da ya saura 'yan tsirarun sabara da geza ne tsakanin wannan gona da waccan, nama kuma ya yi nisa. Tafiyar da iyayenmu ke gamawa kafin azahar, ku sai ku wuni kuna yinta a kan rairayi. Kare ɗan shekara 2 ko 3 ba ya jin wannan a jikinsa. Wanda ya ba shekara 8 baya kuwa, kowane taku yana ji.

Na san amsar da ke bakin wasunku, don na sha jin ta: karen bana shi ke maganin zomon bana. Gaskiya ne, kuma ban zo in yi gardama da magabata ba. Amma karin maganar tana faɗa maka wanda zai kamo maka zomo ne, ba ta ce ka watsar da wanda ya kamo maka na bara da na bara waccan ba. Kowane tsohon mafarauci kuma zai gaya maka cewa kwikwiyo a bayan babban kare yake koyon aiki: inda ake sunsuna, yadda ake datse gaban zomo idan ya yi kwana, da lokacin da ake tsayawa a jira ubangida. Karen banan da kake taƙama da shi, tsohon ne ya horar maka da rabinsa.

Ina so ku tsaya ku dubi abin da ake nufi da horarren kare, don a nan bashin yake. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah ya halatta mana abin da dabbobin farauta da muka horar suka kamo mana. Adiyyu ɗan Hatim, wanda mutumin farauta ne, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan karnukansa, kuma a cikin amsar da aka ba shi an bambanta karen da ya riƙe nama domin ubangidansa da wanda ya kama domin cikinsa. Ka yi tunani a kan wannan. Dabba ce da yunwa a cikinta, ta yi gudu har numfashinta na neman ɗaukewa, ga nama da ɗuminsa a tsakanin haƙoranta, amma ta danne ranta ta jira ka iso. Ba rana ɗaya ba, shekara da shekaru. Naman nan ya shiga tukunyar gidanku, ƙannenka sun ci, wani ka sayar ka yi cefane. Da dare kuma shi ne ya kwana a bakin garke yana haushin dila da ɓarawo, kai kana barci. Wanda ya yi maka haka yana da haƙƙi a wuyanka, kuma haƙƙin ba ya faɗuwa don ƙafarsa ta mutu.

Matsalar tsohon kare ita ce ba ya nuna gajiya da wuri. Jaki in ya gaji sai ya turje, ko za ka karya sanda a jikinsa. Kare kuwa zai bi ka har ya faɗi. Saboda haka aikin lura a kanka yake. Furfura a gefen baki da lalacewar haƙora kowa na gani. Abin da ake yawan kau da kai a kansa shi ne yadda yake tashi da safe: ya ɗaga gaba, ya dakata, sannan ya jawo ƙugu da ƙyar. Wannan ciwon gaɓoɓi ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya zaizaye, kuma sanyin hunturu yana tsananta shi. A hanya za ka ga wanda ya saba zama a gaba ya koma gefenka, daga gefenka ya koma baya. Zai riƙa jan farcen ƙafar baya a ƙasa, ya tsaya a bakin kwazazzabon da yake tsallakewa a da yana kallonka, ya kwanta a duk inuwar da kuka gitta. In ka kira shi bai juyo ba, kada ka ce taurin kai ya koya, wataƙila ji ne ya ragu. In yana tuntuɓe da kututture da yamma, duba idonsa, za ka iske hazo a ciki.

Sai zafi, wanda shi ne ya fi kashe su. Mu muna yin gumi jiki ya huce. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa yake zaro harshe. Zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin 38 ne da 39 a ma'aunin Selshiyas, in ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun shiga haɗari. To ku tuna cewa a watan Afrilu da Mayu iskar Daura kanta tana kai 40, rairayi kuma ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba, ga shi kare ba takalmi, cikinsa kuma dab da ƙasa. Tsohon kare zuciyarsa da huhunsa ba sa aiki kamar da, don haka hakin da ke isar matashi ba ya isarsa. In ka ga harshe ya faɗaɗa ya yi ja wur, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, ko ya fara amai, a tsaya nan take. A kai shi inuwa. Allah ya yi mana gata da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, daidai lokacin da mafarauci ke neman mafaka. A jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan, kada a ɗura masa. Wannan karen ya gama tafiyar ranar da ƙafarsa. Daga nan sai ɗauka.

Ɗaukar kare tana da ƙa'ida, kuma na ga ana yi masa illa da kyakkyawar niyya. Kada ka ɗaga shi ta ƙafafun gaba, kafaɗar kare tsoka ce ke riƙe da ita, kuma nauyin jikinsa duka zai rataya a kanta. Kada ka cafki fatar ƙeyarsa, uwar kwikwiyo ce ke yin haka ga ɗan da bai yi nauyi ba. Wutsiya kuwa ba a ma maganarta. Durƙusa a gefensa, ka yi masa magana ya san kai ne, musamman in ganinsa ya ragu. Sa hannu ɗaya ta gaban ƙirjinsa, ɗayan ta bayan cinyoyinsa, ka haɗa shi da ƙirjinka, gadon bayansa a miƙe, sannan ka tashi da ƙarfin gwiwa ba da ƙarfin ƙugu ba. Karnukanmu na gida ba su cika wuce kilo 20 ba, saurayi mai lafiya zai iya.

Wannan ɗaukar ta gajeren zango ce, hannu na saurin sagewa. In tafiyar da nisa, makiyaya sun riga mu gano hanya: yadda Bafillatani ke saɓa ɗan maraƙin da aka haifa a daji a wuyansa, ciki a kan ƙeya, ƙafafun gaba a hannu ɗaya, na baya a ɗayan. Kare ma yana ɗaukuwa haka, da sharaɗi biyu. Na farko, ya zama ka saba masa tun a gida, tun yana da lafiya, don karen da bai taɓa barin ƙasa ba zai yi ta mutsu-mutsu, ga haƙoransa kusa da kunnenka. Na biyu, ka riƙa sauke shi. Nauyinsa yana kan ciki da haƙarƙari, numfashi na takura, ƙafafu na sandarewa. Ku yi ɗan zango, ka sauke shi ya miƙe, ya yi fitsari, ya taka kaɗan in wurin da laushi da inuwa, sannan a sake. Wanda zafi ya buge kuwa kada a saɓa shi a wuya sai hakin ya lafa, don jikinka ma zafi yake ƙara masa.

In ku biyu ne, abin ya zo da sauƙi. A zura gora biyu a cikin buhu, a huda kusurwoyin, a kwantar da shi a kai, ɗaya gaba ɗaya baya. Haka ya fi ga karen da ake zaton ya karye ko bayansa ya bugu. Wanda ƙafafun baya kawai suka yi masa rauni, wani lokaci ba ya bukatar ɗauka gaba ɗaya: a zura tsohon zane ko rawani ta ƙarƙashin mararsa, a riƙe bakin biyu a sama, a rage masa nauyin ƙugu, shi kuma ya taka da na gaba. Mai jaki ya shimfiɗa tsumma a mangala. Mai babur ya sa shi a kwando, wani ya zauna a baya ya dafa shi, kada a ɗaure shi da igiya a wuya a bar shi, in ya yi tsalle rataya ce. A Turai da Amurka har jakar goyon kare ake sayarwa da keken tura shi, masu hawan duwatsu na tafiya da tsofaffin karnukansu a baya. Ba ma bukatar sayen komai, buhu da zane da gora duk suna gidanmu.

Kafin ka ɗauka ma, duba tafin ƙafarsa. Sau da yawa ɗingishin da aka ɗora wa tsufa, ƙarangiya ce ta maƙale tsakanin yatsu, ko tsidau, ko ƙayar aduwa ta karye a ciki. A cire, a wanke, a huta kaɗan, sai ka ga ya tashi.

Na san abin da ke hana yawancinku ba nauyi ba ne, kunya ce. Saurayi na tsoron a shigo gari a gan shi da kare a wuya, abokai su sa shi a waƙa, 'yan mata su ji labari. Na taɓa ganin wani dattijon mafarauci a wajen Zango ya dawo da la'asar, baƙin karensa saɓe a kafaɗa, kere a maƙale a ɗamara. Wani yaro ya tare shi yana dariya, ya ce, “Baba, yau kare aka kamo?” Tsohon bai tsaya ba. Ya ce, “Yaro, naman da wannan ya ɗauko mini a bakinsa ya fi shi nauyi sau ɗari. Matsa in wuce.” Babu wanda ya sake tankawa. Jarumtar farauta da ake yi wa kirari ta haɗa da rashin barin naka a daji, kuma Sarkin Dawa na kowane gari zai gaya maka cewa wanda ya iya juya wa karensa baya ya tafi, ba a sakin jiki da shi ranar da abokin tafiya ya faɗi.

Wasu kuma najasa suke gudu, kuma wannan damuwa ce ta mai kula da sallarsa, ban raina ta ba. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta malaman zaurenmu suka karantar da mu, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare, da guminsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don jikinsa najasa ba ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasarsa, kuma akwai masu bin wannan fahimta a cikinmu. In kana cikinsu, shimfiɗa buhu a kafaɗa, ka ware rigar daji daban da ta salla, ka wanke inda yawu ya taɓa. Amma kada wani ya fake da addini ya bar dabba ta mutu da ƙishi. Abu Huraira ya ruwaito labarin mutumin da ya ga kare na lasar danshin ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya ciko huffinsa, ya riƙe shi da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim da Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Karen nan ma ba nasa ba ne, bai taɓa kamo masa ko ɓera ba. Shari'ar da ta hana ajiye kare don wasa ita ce ta yarda da na farauta da na kiwo da na gona, kuma duk dabbar da ka ajiye, cinta da shanta da lafiyarta suna kanka.

Akwai karen da ba a ɗauka, kuma wannan ku riƙe shi da hannu biyu, don rai ne a ciki. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da zabura ba. Akwai nau'in da ke zuwa da shanyewar jiki: ƙafafun baya su mutu, muƙamuƙi ya saki, yawu ya yi ta dalala, murya ta canza, kare ya kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai tausayi sai ya zura hannu a bakin don ya ciro ƙashin, ko ya saɓa shi a wuya, yawun ya shiga wani ƙurji ko ido. Bambancin shi ne tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni, wannan kuwa cikin 'yan kwanaki yake kayar da kare, sau da yawa bayan ya yi faɗa da baƙon kare ko dila makonni kaɗan da suka wuce. In ka ga haka, kada ka taɓa shi da hannu. A killace shi, a kori yara, a kira malamin dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, kada ya tsaya jiran alama, don in alama ta bayyana babu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ne. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa kare duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin ta a nan ƙasar, kuma kowace 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya, akan yi gangamin allura a wurare da dama. Karen da aka yi wa allura shi ne za ka saɓa a wuya hankalinka kwance.

Ko lafiyayyen kare ma, in ciwo ya ishe shi yana iya kai wa ubangidansa cizo. In karaya ce ko rauni, ɗaure masa baki da tsumma mai laushi kafin ka motsa shi, ka kwance da zarar an kwantar da shi. Wanda ke haki don zafi ko yake amai kuwa ba a ɗaure masa baki ko kaɗan.

Kada kuma tausayi ya kai ka kemis. Ibuprofen da diclofenac da muke sha don ciwon jiki suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda, paracetamol ma in ya wuce kima hanta yake ci. Akwai magungunan ciwon gaɓoɓi da aka yi domin karnuka, likitan dabbobi ne zai auna nauyinsa ya rubuta. A wannan zuwan sai a ba shi na tsutsar ciki da na kaska, don kaska tana shanye jinin tsohon kare, kuma wanda zai hau wuyanka gara ya hau babu ita.

Ba zan ɓoye muku abin da ke faruwa da tsofaffin karnuka da yawa ba. Fatake na zagaya ƙauyuka suna saye, a loda su a mota zuwa kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato. Sana'arsu ce, ba da su nake ba. Da kai nake, wanda ya san sunan karen, ya san ranar da aka kawo shi yana kwikwiyo. Kuɗin da za a ba ka ba zai kai ka mako ba. Shi kuwa zai yi kwanaki a cunkushe cikin keji, da ƙishi da ciwon gaɓoɓi, yana neman warinka a cikin baƙi. Wasu kuma ba sa sayarwa, sai su tafi da shi daji mai nisa su dawo babu shi, su ce ya ɓata. Wannan ya fi muni, don tsohon karen da ba ya gani sosai ba zai iya kama ko gafiya ba, yunwa ce za ta kashe shi a hankali.

Sai dai kada ku ɗauki maganata a kan cewa kullum a tafi da shi a dawo da shi a wuya. Ɗauka maganin abin da ya faru a hanya ce. In ka san tun daga gida cewa ba zai kai ba, fita da shi wahalarwa ce, ko da kai kana ganin gata kake yi masa. Akwai shekarun tsakiya, lokacin da yake iya rabin tafiya: a fita da shi da sassafe a hunturu, a zaɓi farautar kusa, a riƙe masa ruwansa daban da ƙoƙon shansa, a ɗauke shi a wuraren duwatsu da rairayi mai zafi. Zaman wuri ɗaya ma yana kashe masa tsoka ya ƙara masa ƙiba, ƙibar kuma ta danne gaɓoɓin, saboda haka ɗan zagayen safe da na yamma zuwa bakin gona yana yi masa amfani har ƙarshen ransa. Bayan wannan akwai lokacin da daji ya ƙare masa ɗungum.

In lokacin ya zo, a ba shi wuri mai inuwa a gida, a shimfiɗa masa buhu ko tsohuwar tabarma, da hunturu a kare shi daga iska. Haƙoransa ba sa iya ƙashi, a jiƙa masa tuwo da romo. Ruwa kada ya yanke a kaskonsa. A ja wa yaran gida da na maƙwabta kunne a kan jifa da jan wutsiya, don wanda ba ya ji ba ya gani yana saurin firgita, in ya firgita kuma zai yi cizo, a ce ya haukace a kashe shi a banza. Ranar fita farauta a ɗaure shi tun kafin a fara kiɗa, in ba haka ba zai lallaɓa ya bi sawunku ya faɗi a inda babu mai ganinsa. In kun dawo da nama, a ware masa rabonsa na kayan ciki kamar yadda aka saba ba shi lokacin da shi ke kamowa, a dafa, a yayyanka ƙanana yadda zai iya haɗiya.